Tukunya a Gadon Gienia

Baki shi ke yanka wuya. Ran Laraba Renata ta zo duba mahaifinta, ta buɗe firij ta tarar da rabin albasa da kwalbar madara da ta tsinke. Nan take ta yanke hukunci cewa ran Lahadi za ta dawo da mota ta kwashe shi zuwa gidanta a birnin Poznań, akwai ɗan ɗaki kusa da kicin ɗinta. Mahaifin nata, Pan Ludwik, wato Malam Ludwik, tsohon direban bas mai shekara saba'in da huɗu, ya ji kamar an ce za a cire masa haƙarƙari. Shekara arba'in da ɗaya ya yi da matarsa Gienia a wannan gida na hawa na uku, wata bakwai ke nan da binne ta. Sai ya buɗe baki ya ce ta zo ɗin, za ta tarar da naɗin kabeji, gołąbki irin na uwarta, in ya so ta faɗa masa wane ne ba ya iya ciyar da kansa. Mutumin da ko ƙwai bai taɓa dafawa ba.

Ran Asabar ya tafi kasuwa. Kabeji kam araha, ya zaɓo ƙato kamar kan jariri biyu. Wajen mai nama ne jikinsa ya yi sanyi, don fansho bai san da wannan alkawari ba. Kwatan kilo na niƙaƙƙen nama ya iya saya, ya cusa shi can ƙasan jaka kamar kayan sata.

Da safiyar Lahadi ya zauna ɓare ganye ɗanye. Na farko ya yage, na biyu ya karye, na shida ya bi sahunsu. Ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ya sauka hawa na biyu ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyarsa Pani Wiesia, matar da ya yi shekara tara ba ya gaisarwa saboda ta taɓa kai ƙararsa wai ruwan furanninsa na ɗiga mata a kan shanya.

Ta dube shi, ta dubi gawar kabejin da ke hannunsa.

"Pan Ludwik, wannan bas ne ya bi ta kansa?"

Ya roƙe ta ta zo ta nuna masa. Ta hau sama da silifas ɗinta, ta ce ita dai ba za ta taɓa komai ba, baki kawai za ta ba shi aro, kuma bakin nata bai huta ba. Ta sa ya ƙwaƙule zuciyar kabejin da wuƙa, ya tsoma shi ɗungurungum a tafasasshen ruwa. Ganyen suka riƙa saki da kansu ɗaya bayan ɗaya, laushi kamar tsumma. Ta sa ya fere jijiyar bayan kowane ganye, waɗanda ya yayyaga kuma ya shimfiɗa su a gindin tukunya don kada girkin ya kama.

Da aka zo kan nama ya fito da ƙullin yana kame-kame, wai mai naman ne ya kusa tashi, ai Gienia kilo guda take sawa. Wiesia ta yi dariya har da riƙe teburi. Ta ce ita da marigayiyar tare suke zuwa kasuwa shekara talatin, Gienia ba ta taɓa wuce kwata ba, wani watan ma ba ta kai. Sauran duk shinkafa ce, da busasshen burodi da aka jiƙa, da karas, da albasa da aka soya har ta yi ja, da naman kaza, wato laimar kwaɗi, da suke tsinkowa a daji lokacin kaka. Ta buɗe kabad ta nuna masa kwalbar, har yanzu da saura.

"To naman ya isa naɗi ashirin da take yi?" ya tambaya.

"Sha huɗu yake isa. Shida na gefen tukunya babu nama a ciki. Ba ka taɓa lura daga ina take ɗibar nata ba?"

Ya dubi tukunyar. Ya tuna yadda takan zuba masa daga tsakiya, ta zuba wa yarinya, sannan ta bi gefe da cokali tana cewa ita ta fi son wanda ya ɗan ƙone. Shekara arba'in yana tsokanarta da wannan, yana ce mata mai bakin talaka. Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe shi. Wiesia ta ga haka, sai ta koma yi masa faɗa a kan naɗi, wai ya lanƙwasa gefe kafin ya mirgina, ba taba sigari yake yi ba.

Ya jera sha huɗu a tsakiya, shida a gefe, ya kwarara ruwan tumatir. Bayan awa guda ta ce ya kashe gas, sauran aikin na gado ne. Wannan kam ya sani, a ƙarƙashin bargo Gienia ke barin girkin ya ƙarasa nuna. Ya naɗe tukunyar da tsofaffin jaridu, ya kai ta ɗaki. Ɓangaren Gienia na gadon yana nan a gyare tun ranar da aka fita da ita, ko zama bai taɓa yi a wurin ba. Ya daɗe a tsaye kafin ya ɗaga bargon ya sa tukunyar, ya lulluɓe.

Ƙarfe ɗaya Renata ta iso. Ta leƙa kicin, murhu a kashe, babu komai a kai. Tausayinsa ya kama ta. Ta wuce ɗaki don sauko da akwatinsa daga kan kabad, ta sauko da shi, tana juyowa ta ga tudu a kan gado, ɓangaren uwarta. Ya ji shirun ya yi yawa, ya bi ta. Ya same ta zaune a bakin gado, hannunta a kan bargon inda ɗumi yake, tana kuka.

A teburi ya zuba mata uku daga tsakiya, ya bi gefe ya ɗebi nasa. Naɗin ya karkace, gishiri ya ɗan yi yawa, amma ta cinye ɗaya tas. Sai ta kalli farantinsa, ta miƙo cokali mai yatsu ta tsaga ɗaya. Shinkafa ce zalla.

"Baba, wa ya gaya maka?"

"Ke kin sani?"

"Tun ina 'yar shekara goma."

Ta ɗauke biyu daga nasa ta mayar masa da biyu daga nata, bai hana ta ba. Da za ta tafi, ita da kanta ta hau kujera ta mayar da akwatin kan kabad. Ta ce Lahadi ta sama za ta dawo, kuma ita za ta kawo naman, wanda zai isa ashirin.