Awon Tela a Bango

"Shafi biyu za ka yi," in ji mai gidan haya, yana toshe hanci daga bakin ƙofa. "Jibi duba-gari za su zo. Kada su ga ko ɗigon baƙi."

Mai fenti ya ce to. Dama bakinsa bai san wata kalma ba a gaban mutumin nan, tunda a gidansa yake haya, kuma a hannunsa yake samun aiki.

Jiya aka binne tela, maƙwabcinsa na shekara tara. Tari ne ya cinye tsohon a tsaye. Likita ya ce funfunar ɗakin ce ta kama masa huhu, shi ya sa 'yarsa ta kai ƙara wurin duba-gari. Sau uku tela yana kai kuka wurin mai gida, sau uku ana turo mai fenti ya rufe bangon. Tsohon kan yi dariya ya ce, "Maƙwabci, gyambo kake yi wa kwalliya."

Mai gida na fita, 'yar ta shigo, idonta jajur.

"Kawu, taya ni sauke yadin nan."

Wani tsohon yadi ne tela ya rataya a jikin bango. Suka yaye shi. Bangon baƙi ƙirin, yana naso, yana warin jiƙaƙƙen buhu. A jikinsa ga layuka na farin alli, wani bisa wani, kowanne da kwanan wata da inci.

"Duk farkon wata Baba yake auna funfunar da tef," in ji ta. "Ya ce maganarsa ba a ji, amma awo ba ya ƙarya."

Layin ƙarshe, can sama, a karkace yake, babu kwanan wata.

"Wannan fa?"

"Ni na ɗaga masa hannu ya ja shi."

Kunya ta rufe mai fenti har ya kasa kallonta. Ya san in ya bar bangon nan haka, ɗakinsa da aikinsa sun tafi. Duk da haka ya danne murfin bokitin fentinsa da ƙafa.

"Kawu, ba za ka shafa ba?"

"Je ki zauna da mutane, 'yata."

Ya jawo kujerar tela ya zauna a bakin ƙofa. Waya ta yi ta ƙara a aljihunsa, mai gida na kira, har ta gaji ta yi shiru.