Shan Iskar Metur Rabo

A daminar 1956 maigidana ya gano cewa yara na bukatar shan iska. Shekara tara muna tare iskar gidanmu tana isar kowa, sai da ya karanta a wani littafin Faransanci cewa Nasara na kwasar 'ya'yansu Asabar da Lahadi su kai su daji su zauna. Shi malamin lakkol ne, wato makarantar boko, gari na ce masa Metur Rabo, kuma abin da ya gani a takarda ba ya musu da shi.

Na ce, "Maigida, ai bakans ake yi. Wata uku cur babu lakkol. Me Talata ta yi maka?"

Ya ce ba a shan iska ranar Talata. Na ƙyale shi, tunda ni 'yar fatake ce daga Damagaram, ban yi karatun da zan san ranakun iska ba.

Shekarar ce aka maido mu Matameye, bayan mun gama zaga Gure da Tawa. Yaranmu biyu, babban muna ce masa Ɗan'azumi, shekararsa takwas, sai Habi mai shida. Tafiyar kuwa ba ta cin komai, wannan kam na yaba masa. Jaki na maƙwabci ne, fura ni na dama, ƙwan zabi ni na dafa, tabarma ni na ɗauka. Shi nasa littafin rubutu da fensir, da hular nan ta Nasara mai kama da ƙwarya a kife.

Asabar ta farko muka je bakin tabki. Ya zaɓi wata ƙatuwar bishiya tun daga nesa ya ce a nan za mu sha inuwa. Gawo ne. Ko akuya ta san gawo ba ya ganye da damina, amma mutumin da ya san sunan kogunan Faransa kaf ya shimfiɗa mu a ƙarƙashinsa, rana ta gasa mu har la'asar. Manoma suna ɗagowa daga noma suna kallonmu, wani ma ya zo ya tambaya ko wani abu muka yar.

Ta biyu muka nufi wajen Kurni. Wata baiwar Allah ta gan mu zaune a gefen hanya da yara da tabarma, ta koma gida ta kawo mana tuwo, ta ce mu yi haƙuri, duk wanda ya kore mu Allah na ganinsa. Na karɓa na yi godiya, don ni ma ban ga ƙarya a maganarta ba.

Sai dai ni ba yarinya ba ce, na san inda duk wannan kewaye-kewaye ya dosa. Mahaifiyarsa tana wani ɗan ƙauye bayan Tsauni, tafiyar rabin yini, kuma ba ta taɓa ganin jikokinta ba. Ni ma ban taɓa ganinta ba. Da muka dawo ƙasar ya je gaishe ta sau biyu shi kaɗai, ya dawo bai iya cin tuwo ba. Da ƙyar na ji daga bakinsa cewa tabarmar baƙi ta shimfiɗa masa, ta ce masa "ranka ya daɗe." Abin da yake so bai wuce ta ɗora yaran nan a cinyarta ba, amma ya kasa cewa mu je gida. Sai ya ce shan iska. Raina ya sosu saboda shi, ko da yake ban nuna masa ba.

Asabar ta uku ya ce, wai kamar yanzu abin ya faɗo masa, akwai kukoki masu kyau wajen Tsauni da ya kamata yara su gani.

Na ce, "To. Amma ka bar hular nan da littafin a gida."

Ya ce mutum ba ya zuwa garinsu kamar wanda bai zama komai ba.

Muka isa da azahar. Tun daga gonaki na ga wata mace ta hango mu, ta yar da hauya ta yanki hanya da gudu. Kafin mu kai bakin gari ƙauyen ya yi tsit. Ga awaki, ga kaji, ga ɗan tulun wasa na laka bai ko bushe ba a gindin tsamiya, amma babu yaro ko na magani. A lokacin nan kowa ya sani, in mai hula da littafi ya shigo ƙauye, yara ya zo rubutawa a kai su lakkol, kuma wanda aka rubuta ya tafi ke nan. Kowa ya san wannan ban da mai hular.

Mai gari ya tarbe mu a zaure, wani tsoho mai suna Shekara. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka kawo ruwa.

Maigidana ya ce, "Baba, ina yaran gari? Na kawo nawa su yi wasa."

Shekara ya girgiza kai cikin jimami. "Wayyo, Metur, ai bana ba mu da yara. Shekara goma ke nan mata sun daina haihuwa a garin nan. Ikon Allah."

A bayansa kuwa ga wata mata ta wuce da ciki har wuya. Na sunkuyar da kai na danne dariya. Maigidana ya shiga rantsuwa cewa shan iska kawai muka zo. Shekara ya ce madalla, iska kam akwai ta, mu sha iya cikinmu.

Da muka fito zauren ne na duba ban ga nawa yaran ba. Jaki na nan a ɗaure, su babu. Dariyata ta koma ciki. Muka bi gida gida muna kira, duk wanda muka tambaya sai ya ce bai ga yaro ba, kuma yau kam sun saba da amsar. Har rijiya na leƙa. Maigidana ya yi ta gudu cikin gajeren wandonsa, hula na karkacewa, yana ƙwala kiran Habi.

Gidan ƙarshe da muka shiga shi ne wanda ya kamata mu fara da shi. Wata tsohuwa siririya na zaune a gindin rumbu tana kaɗi, tsani a kwance a gefenta. Maigidana bai ce mini mahaifiyarsa ce ba, amma na ga yadda ƙafarsa ta tsaya. Na durƙusa na gaishe ta.

Ya ce, "Inna, ko kin ga yara biyu, namiji da mace?"

Ba ta ɗago ba. "Ranka ya daɗe, gidan nan ba yara."

Sai aka yi atishawa a cikin rumbun. Bayan ta muryar Habi ta fito, tana cewa Ɗan'azumi ya cinye mata gyaɗa. Na zauna a ƙasa ina hamdala. Ashe zabi suka biyo ta bayan darni, tsohuwa ta kama su, ta ce su hau tsani a yi wasan ɓuya.

Maigidana ya yi dariya irin ta wanda aka sauke wa kaya. "Inna, ai nawa ne! Jikokinki ne, ba ki gane su ba."

Nan ta ajiye mazari ta dube shi sosai.

"Na gane su tun daga bakin darni. Goshin nan na gidan nan ne. Don na gane su na saka su."

"To ai ni ne ubansu."

"Kai ne mai littafi." Ta nuna hannunsa. "Ranar da suka zo ɗaukar ka ina rijiya. Kowace uwa ta ɓoye nata. Na yar da tulu na taho da gudu, na tarar an riga an ɗora ka bayan doki, shekararka bakwai. Rumbun nan a buɗe yake ranar, ba kowa ciki. Yau ina gida."

Maigidana ya dubi rumbun. Yana iya gaya mata cewa Ɗan'azumi ya shekara biyu a aji, Habi ma bana za ta shiga, shi da kansa ya rubuta su. Na harare shi don kada ya kuskura, amma ashe ba ya bukatar hararata. Ya durƙusa a gabanta kan ƙasa mai danshi, ba kan tabarmar baƙi ba.

Ya ce, "A bar su a ciki tukuna, Inna."

Ta daɗe tana kallonsa, daga gwiwoyinsa da suka yi laka har furfurar da ta fara fito masa. Sannan ta waiwaya ta dubi bakin rumbun, ta sake dubansa, kamar mai auna zane.

Ta ce, "Kai kam ka yi girma, ba ka shiga yanzu."

Ya kifa goshinsa a gwiwarta yana kuka, ita kuma ta ɗora hannu a kansa ta bar shi. Ni na tashi na jingina tsanin, don yaran sun fara kiran ƙishirwa.