Abin da Manaja Yake So

"Ba wannan kofin ba," in ji Manaja, ya kau da kai. "Na gilashi. Shayi a kofin roba ai cin mutunci ne."

Mutumin da ko kansa ba ya iya ɗagawa sai an tallafe shi, shi ne yake zaɓen kofi. Na dire shayin a ƙasa, na ce in yana so ya tashi ya ɗauko da kansa. 'Yarsa ce ta miƙe ta buɗe kabad, ta tsaya tana dube-dube kamar wadda ta shiga ɗakin baƙo. Kuma baƙon ne. Sai da na nuna mata inda yake ajiye shi.

Ni tela ce, bango ɗaya ya raba ɗakina da nasa a gidan hayarmu. Ranar da ya tare, da akwati ɗaya ya zo da jerin takalma, ya sanar da duk 'yan gidan cewa shi manajan wani babban otal ne da ya yi ritaya. Ba a jima ba direban da ke ɗakin ƙarshe ya gane shi: tawul yake miƙa wa baƙi a bakin wurin iyo. Muka laƙaba masa Manaja don tsiya. Shi kuwa ya karɓe hannu biyu, in ba ka kira shi haka ba ma ba ya juyowa.

Shekara da shekaru ina shan warin turarensa ta ƙasan ƙofa. Ya kawo mini riga ɗaya in gyara wuya, ya tsaya a kaina yana koya mini riƙon almakashi. Ya fito shara da farin wando. Bai taɓa gaya mana yana da 'ya ba, sai da asibiti suka sallamo shi suka ce a kai shi gida a yi ta lallaɓawa, maigidan haya ya binciko lambarta.

Malamar makaranta ce, doguwa, marar yawan magana. Tun tana rarrafe uban ya bar su ita da uwarta, wai matar ba ta dace da matsayinsa ba. Uwar ta rasu bara. 'Yar ta same ni a bakin keken ɗinki ta ce, "Goggo, ban san shi ba. Ko me yake ci ban sani ba." Na ce ba ta yi asarar komai ba. Ta ce duk da haka tana so ta tambaye shi abubuwan da yake so, kuma in na yarda in zauna kusa, don ita kaɗai bakinta ba ya buɗuwa a gabansa.

Haka na riƙa kwaso ɗinkin hannu ina zama a bakin ƙofarsa da hantsi. Ita ta ja kujera kusa da gado, shi yana kwance, an taje masa gashin da ya rage.

Ta fara da tambayar launin da ya fi so. Ya ce fari, amma farin da ya sha guga, ba irin na mutanen gidan nan ba. Ya faɗa yana kallona. Ƙamshi kuwa, na tawul da aka fito da shi daga injin busarwa da ɗuminsa. Abinci, gasasshen burodi da aka yanke wa gefe. Kiɗa, irin sanyayyen nan da ake sakawa a falon otal, wanda babu mai waƙa a ciki, don waƙa ta marasa aikin yi ce. Duk abin da ta tambaya, sai amsar ta zagaya ta faɗa otal. Ya tuna baƙon da ba ya son ƙanƙara a lemo. Ya tuna matar da ke neman tawul biyu, ɗaya na kai ɗaya na jiki. Mutanen da ko fuskarsa ba su kalla ba, ya haddace su kamar karatu.

Yarinyar tana ta gyaɗa kai. Ni dai ina cizon zare.

Wata safiya ta tambaye shi wace rana ce ta fi masa daɗi a duniya. Na ga yadda ta matse gefen mayafinta, na san amsar da take jira. Shi kuwa fuskarsa ta washe. Ya ce ranar da wani baƙo mai ƙaton ciki ya same shi tsaye a ƙofar shiga sanye da kwat ɗin aro, ya miƙa masa hannu ya ce, ranka ya daɗe, otal ɗinka ya yi kyau. Ya ce har yau yana jin laushin hannun mutumin.

Ta tashi ta ce bari ta duba ruwan da ta ɗora. Babu ruwan da ta ɗora.

Na matsa na ce masa, "Kai dai Allah Ya shirye ka. Ka ce ranar da aka haife ta mana, ko da ƙarya ce. Ƙarya ta taɓa yi maka wuya ne?"

Ya kalli silin. "Ba na nan ranar," in ji shi. "Ina aiki."

Ikon Allah. Mutum ya yi rayuwarsa kaf a kan ƙarya, sai ranar da ƙaryar za ta yi amfani gaskiya ta kama shi.

Na ɗauka ba za ta sake tambayarsa komai ba. Kwana biyu tana juya shi, tana canza zanin gado, tana ba shi magani. Jikinsa kuma ya yi ta ja baya, shayin ma sai da cokali. A rana ta uku da azahar, tana goge masa fuska, ta tambaye shi ba tare da ta kalle shi ba ko akwai abin da ya so ya yi a duniya bai samu ba.

Na shirya jin ya ce jirgin sama, ko otal nasa na kansa. Sai ya ce ruwan.

"Wane ruwa, Baba?"

"Na iyo. Kullum ina tsaye a bakinsa. Ma'aikaci ba ya shiga." Ya numfasa. Ya ce da sassafe kafin baƙi su sauko ruwan yakan kwanta lumui, ana ganin ƙasansa shuɗi, shi kuma yana jera tawul yana satar kallo. Ko ɗan yatsan ƙafa bai taɓa tsomawa ba. Bai ma iya iyo ba.

Na ce to ai ga manaja, otal ɗinsa guda amma ruwa ya gagare shi. Babu wanda ya yi dariya.

Ta fita tsakar gida ta ɗauko bahon wankina ba ta ko tambaye ni ba. Ta cika shi, ta kinkimo shi har ɗaki yana fantsala. Muka tayar da shi zaune, na tare bayansa da kafaɗata, ba nauyi kamar buhun ƙyallaye. Ta naɗe masa wando, ta ɗaga ƙafafunsa ta saka a ciki.

Ya ce ruwan ya yi ɗumi, na otal ya fi sanyi. Ya ce tawul ɗin da ta rataya a kafaɗa ba haka ake ninke shi ba, gida uku ake yi, bakin ya kalli ciki. Ta warware ta sake ninkewa. Sannan ya shiga motsa 'yan yatsunsa a hankali, ruwan yana bugun gefen baho.

Can ya ce, "Ke fa? Wane launi kike so?"

Ta ɗago. Ta buɗe baki za ta amsa, amma kansa ya riga ya faɗo kafaɗata, barci ya ɗauke shi. Ta zaro ƙafafun ta dire su a kan siminti kafin ta goge, muka kwantar da shi.

Bai farka ba. Ba a jima ba numfashin ya tsaya, ni na fara lura, na kira direba da maigidan haya. Nan da nan tsakar gida ta cika da mutanen da suka shekara suna kwaikwayon tafiyarsa, kowa yana cewa mutumin kirki ne, mai tsafta. Ni ban ce ba.

Da na koma ɗaukar bahona, na same ta zaune a ƙasa gefen gado, tawul a cinya. A gabanta sawun ƙafafunsa biyu ne a kan siminti, ɗaya ya bushe saura diddige, ɗayan kuma tana kallonsa yana ƙanƙancewa.