Mijin Tsohuwar Katantanwa

Laifina ɗaya ne, na zuba su duka a buhu guda. Katantanwa ce da ta zama dutse, ina tono ta a rijiyar da nake haƙa. Wata malama daga jami'a ta ce wai da can nan teku ne, in riƙa ware mata ta kowace gaba ta zurfin rijiyar daban. Na ce to, amma a raina katantanwa katantanwa ce.

Daren jiya kuwa sai ga ni a mafarki ina sauka rijiyar. Da na kai ƙasa na fito a saman wani ofis. Ana ruwa, daga ƙasa yake tashi, mutane sun riƙe lema a ƙarƙashin ƙafa. Wani bunsuru mai tabarau yana zaune a tebur yana taunar takardar da ya gama sa wa hannu.

"Kai ne Arzika mai rijiya? An yi ƙararka."

Mai ƙarar wata tsohuwar katantanwa ce. Ta ce shekara miliyan sittin tana kwance gefen mijinta ba wanda ya ji kansu, na zo na cakuɗa ta da yaran da aka haifa jiya, yanzu ta rasa shi. Bunsuru ya yanke hukunci: in nemo mijin kafin la'asar, in ba haka ba teku zai dawo ta rijiyata, ruwan da na yi kwana arba'in ina nema ya zama gishiri.

Sai ga ni a tabarma, buhu a gabana. Na ware dogaye masu tsini gefe, dunƙulallu kamar albasa gefe. Cikin dogayen akwai masu santsi, akwai masu zane kamar tsagar fuska. Tsohuwa ta ce nata murɗinsa bakwai, zane a tsaye, bakinsa na kallon dama. Na tambaye ta halinsa fa? Ta ce a nan ba a duba hali.

Rana ta fara komawa gabas. Na ƙirga, na sake ƙirgawa, har na same shi. Tsohuwa ta gane shi, ta fara kuka da ƙura.

Bunsuru ya auna shi da zare, ya ce ba shi ba ne, leɓen wannan da giɓi. Na ce ai digata ce ta ɓantare shi ranar Talata.

"Ba ruwanmu da Talata. Mai giɓi jinsi ne daban."

Ya buɗe masa sabon akwati, ya rubuta sunana a kai, wai girmamawa ce ga wanda ya gano shi. Wasu awaki da ke wurin suka yi mini tafi. Tsohuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, mijina ne fa." Ya ce ta kawo shaidu daga zamaninsu.

Ruwa ya taho har gwiwata. Na lasa, gishiri. Wani abu ya fara bugawa a ƙasa, dum, dum.

Na farka. Kulu ce, matata, take daka a tsakar gida. Na fita da gudu na ja guga, ruwa lafiya lau. Sannan na ga buhun a yashe. Ta ce kajinta ƙwansu ya yi laushi, ta ga duwatsun banza ta daka musu.

Na leƙa turmin. Tsohuwa da mijinta dai sun haɗu, ba mai sake raba su. Malama kuma jibi za ta zo.