Katangar da Ummaru Bai Sani Ba

Tun da mahaifinsu ya rasu, Mijinyawa da ƙanensa Ummaru ko tabarma ba su raba ba. Shagonsu na ɗaukar hoto da buga katin biki ɗaya ne, sai dai ƙofarsa biyu: Mijinyawa a Bodinga, Ummaru a Shagari. Kwamfutocinsu a haɗe suke ta intanet, kowacce tana ganin cikin 'yar'uwarta. A wannan zamani da tsadar rayuwa ke raba wa da ƙane, mutane har misali suke yi da su.

To, Ummaru Allah ya yi shi da sakin hannu. Kowa ya shigo da filashi ko waya, "a sa mini waƙa," "a tura mini karatu," sai ya karɓa ya soka a kwamfuta. A wurinsa hana mutum kamar hana baƙo ruwa ne.

Uwani, mai zuwa daga Sakkwato tana duba musu na'urori, ita ta tayar wa Mijinyawa da hankali.

"Ranka ya daɗe, wagga cutar kwamfuta da ta shigo gari ba ta wasa ba ce. In ta kama guda sai ta kulle komi, ta bi layi ta kama saura. Ta Shagari za ta shigo muku. A raba layin, kowane shago da nashi, a bar 'yar ƙofa wadda aikin bugawa kaɗai ka wucewa. Ka gaya ma Ummaru, in tai in tsare mai nashi hotunan."

Maganar ta zauna, amma wa zai ɗaura wa kyanwa ƙararrawa? Ya san ƙanensa. Zai ce an mai da shi ɓarawo, ko kuma somin rabuwa ne aka zo da shi a fakaice. Sai ya ce wa Uwani ta yi na Bodinga tukuna, shi zai yi maganar da bakinsa.

Bai yi ba. Ya je Shagari da niyyar faɗa, ya ci tuwo, aka yi hirar farashin albasa, ya dawo da maganar a cikinsa. In wayarsa ta yi ƙara, sai gabansa ya faɗi. In Ummaru ya kwana biyu bai kira ba, sai Mijinyawa ya ce shi ke nan, ya gane an raba layin. Tsoro dai ya hana shi sakat, ga kunya a kai.

Bayan ƙaramar Salla, ana tsakiyar bukukuwa, wayar ta zo.

"Yaya, kashe naka! Kashe duka yanzu! Komi nawa ya kulle, kada ta iso maka!"

Kafin la'asar sai ga Ummaru a babur, ko hula babu. Hotunan auren mutane, na suna, na saukar karatu, duk sun tafi. Amma ba wannan ya fara faɗa ba. Ya riƙe hannun wansa yana cewa laifinsa ne, ya jawo masa asara, ya yafe masa.

Sai idonsa ya kai kan tebur. Kwamfutocin Bodinga na aiki lafiya lau, injin bugawa yana ta fito da katin biki.

"Ƙaƙa anka yi ba ta iso ba?"

Mijinyawa ya so ya ce ikon Allah. Bakinsa ya ƙi. Ya faɗi gaskiya yana kallon ƙasa.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi."

Ummaru ya saki hannun a hankali.

"Da ka gaya min, da na yi hushi kwana biyu na huce. Ashe kana cin tuwona ka san abin na tahe."

"Ummaru, tsaya ka ji."

Ya riga ya tayar da babur. Ya waiwayo cikin ladabi, irin wanda ake yi wa babban mutumin da ba a haɗa komai da shi ba.

"Sai an jima, Alhaji."