Rigar Zakara

Rabin kan mutumin a aske yake, rabi da gashi, lokacin da mai aski ya ajiye injin ya ce a yi masa uzuri, wasan ƙarshe ya zo. Mutumin ko a jikinsa, sai ma ya juya kujerarsa ta fuskanci talabijin.

Kowa a layin ya san yau ce ranar. Mai aski, wanda 'yan wasan ƙwallon intanet ke kira Almakashi, ya kai ƙarshen gasa, kuma da Kunama zai kara. Bai taɓa ganin fuskar Kunama ba, amma ko sunansa ba ya son ji. Sun sha haɗuwa, wasa na tsakiyar daɗi sai intanet ta ɗauke ɗif, a ƙa'ida kuwa wanda ya katse shi ya faɗi. Almakashi ya rantse ya maya Kunama ne ke gano adireshin na'urarsa, ya yi ta antaya mata tarkace har ta shaƙe.

Shi ya sa tun da safe ya taso abokinsa Injiniya mai gyaran waya, ya saka masa VPN.

"Yanzu na zama aljani ke nan? Ba mai ganina?"

"Adireshinka zai ɓoye," in ji Injiniya. "In daga nesa ake jifanka, ka tsira. Amma fa wasan kan ɗan yi nauyi, kuma ba komai yake karewa ba."

Almakashi bai tsaya jin ƙarshen ba. Ya riga ya leƙa shagon tela da ke manne da nasa, inda suke ajiye na'urar intanet saboda can sabis ya fi kamawa.

"Baba tela, rigar nan fa! Ana tashi nake son saka ta."

"Kai dai je ka ci, ɗana. Riga kamar tana jikinka."

Aka take wasa. Shago ya cika maƙil, wasu na leƙe ta taga. Yatsun da suka saba da almakashi suka shiga rawa a kan madannai. Ya yanke ɗaya, ya yanke na biyu, ya ɗirka ta a raga. Shago ya kaure da ihu. Mai rabin kai ya daka tsalle da ƙyallen aski a wuya.

"Ya ci! Wallahi ya ci!"

Kafin ihun ya lafa ya ƙara ta biyu. Daɗi ya kashe shi, har da ƙwalla.

"Kunama, yau ina jifan naka? Injiniya, Allah ya yi maka albarka, kai da VPN ɗinka!"

Saura ƙiris a tashi, 'yan wasan suka sandare a fili, ƙwallo na rataye a sama. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a tsakiyar allon, kowa ya zuba masa ido. Can rubutu ya fito: an ba Kunama wasa.

Injiniya ya duba wayarsa, ya yamutsa fuska.

"Wannan ba jifa ba ne. Kamar kashe na'urar intanet ɗin aka yi."

Sai ga tela ya yi sallama, bakinsa har kunne, yana ɗage da riga ja a sama don kada ta taɓa kowa. A bayanta an yi aikin zare da manyan baƙaƙe: ZAKARA.

"Ina jin ihu na ce yaron nan ya gama da su, bari in yi maza in goge ta."

Almakashi ya juyo ya dube shi.

"Baba, a ina ka jona dutsen gugar?"

"Inda na saba kullum mana. Ai soket ɗaya gare ni. Na ɗan zare abin nan naku mai ƙifta ido, yanzu zan mayar." Ya miƙo rigar. "Taɓa ka ji."

Almakashi ya karɓa da hannu biyu. Da ɗuminta kuwa.