Saiwar Alkama a Garkar Akokan

"Ba zan tuge su ba, Baba."

Radiyya ta faɗi haka tana tsaye a bakin fangalinta, inda aka yanke alkama aka bar kututture da saiwa a ƙasa. Baba Alkassoum, shugaban ƙungiyar masu garka, ya dube ta kamar bai ji da kyau ba. A ramin yuraniyom na Akokan ya tsufa yana ba da umarni, kuma har aka rufe ramin ba wanda ya taɓa ce masa a'a.

"Ɗiyata, baƙi za su zo daga Agadas su ga garka. Kowa ya tuge, ya share, ya ƙona. Ke kaɗai za ki bar mana juji?"

"Ba juji ba ne. Akwai masu rai a jikin saiwar nan, ƙanana, ido ba ya ganinsu. Su ke ciyar da alkama, su ke riƙe mata danshi. In na ƙona, yashi zai koma yashi."

Ta san abin da take faɗa. Shi ta karanta a Yamai, shi ya sa ƙungiyar ta ɗauke ta mai ba da shawara. Da hannunta ta ɗebo ƙasa daga tsofaffin garake na gindin duwatsu, ta gauraya da kashin awaki, ta yi ta lallaɓa wannan fangali har ƙasarsa ta fara duhu, ta fara ƙamshi.

Amma maganar ta faɗa wa kunnen da bai dace ba. Intala, tsohon direban ramin, ya ja da baya yana karkaɗe takalminsa.

"Abin da ido ba ya gani, a cikin ƙasa? Yarinya, mu za ki gaya wa? Shi ya cinye mana ƙirji!"

"Kawu, wancan guba ce. Wannan rai ne."

"Haka su ma suka ce mana, ba komai," in ji shi. Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba.

Ba ta ga laifinsu ba. Mahaifinta ma da tari ya tafi. Sai dai ta ƙi matsawa, ta dafa ƙugu tana kallon hayaƙin sauran fangalai yana tashi.

Baba Alkassoum ya sassauta murya. "Don darajar babanki, ki ɗauki ashana."

"Don darajarsa nake ƙi, Baba. Ya sha haƙa ƙasar da ke kashewa. Ni tawa za ta rayu."

Ranar da baƙin suka zo, an bi da su ta wata hanya don kada su ga fangalinta. Da lokacin shuka ya kewayo, Radiyya ta zuba iri tsakanin tsofaffin saiwoyi, alkama ta fito kore shar, ta jure zafin da ya sa ta maƙwabta yin rawaya. Takan tsaya a bakin alkamar da rana tsaka, kai a sama.

Duk da haka, ƙungiya ta sauke ta daga aikin. An cire sunanta daga layin ruwan famfo, da jarka take ɗauko shi a ka. Matan kasuwa ba sa taɓa alkamarta. Baba Alkassoum, wanda ya yanka ragon sunanta, ya daina amsa gaisuwarta.